Kashi na Shida, Minti na Talatin da Ɗaya

Nassarawa GRA, Kano
24 ga Yuni

Lai'atu,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Malam Henry da yara da mutanen Wusasa baki ɗaya. Mu nan lafiya lau. Gwaggo tana nan da ciwon gwiwarta, idon kuwa kin san yadda yake, haske da duhu kawai take bambancewa. Ruwa ya sauka sosai a satin nan.

Za ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Dalili shi ne na toshe lambarki a wayata, kuma ba da wasa na yi ba. Na gaji da buɗe waya da safe in tarar da saƙo goma sha biyar daga wurinki, kowanne da "Yaya ka saurari wannan." Ba ni da lokacin yaran da suka sayi makirfo suka shiga ɗaki suka rufe ƙofa suna zagin manya, wai su masu fodkas. Malam Falalu, direban da ke jigilar Zariya daga tashar Unguwa Uku, shi zai kawo miki wannan, tare da memorin da na cire daga rediyon Gwaggo.

Ban hana ki zumunci ba. Kakarki da mahaifiyar Gwaggo ciki ɗaya suka fito, kuma shekara shida kika yi a hannun Gwaggo kina makaranta, ba wanda ya taɓa nuna miki bambanci, har coci ana kai ki ran Lahadi. Amma abin da kike ɗura wa mahaifiyata Gwaggo a kunne ya isa haka.

Ran Juma'a wasu manyan baƙi suka zo gaishe ta, ciki har da wani da muka yi aiki tare, yanzu yana riƙe da babban muƙami. Ko gama gaisawa ba a yi ba, Gwaggo ta tambaye shi ina aka kwana a kan rijiyoyin burtsatse arba'in da aka ce an tona a yankinsu, don ita ta ji a shirin nan na siyasa da kike turo mata, Zauren Talata, cewa bakwai ne kawai ke ba da ruwa. Bawan Allah ya riƙe kofin zoɓo ya rasa inda zai ajiye. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wannan ma da sauƙi. Na kisan kan nan, wanda suke kira Rufaffen Fayil, shi ne ba zan lamunta ba ko kaɗan. Tsohuwa mai shekara tamanin da uku, mai hawan jini, ta zauna bakin taga tun hantsi har azahar tana jin yadda aka kashe wane aka jefa wane a rijiya. Shekaranjiya na zo wucewa ta ƙofar ɗakinta na ji suna tallar sabon zangon da za su fara, nan take na shiga na cire memorin. Na sa mata karatu da wa'azi, sun ishe ta.

Kada ki sake aiko mata da komai sai ya bi ta hannuna.

Yayanki,
Alhaji Maharazu

*

Wusasa, Zariya
28 ga Yuni

Yaya Maharazu,

Ina gaishe ka, ina gaida Anti Maimuna da yara. Ka ce wa Gwaggo ina duba ta da gwiwa, ta riƙa shafa man nan da na kawo mata. Mu lafiya, sai Henry da ruwan sama ya yi wa duka a kan babur yana ta atishawa.

Takardarka ta iso, memori ma ya iso, har da naɗin da ka yi masa kamar ka kama mai safarar ƙwaya. Wallahi sai da na zauna a bakin ofishin malamai na yi dariya har da hawaye. Ka ce abokinka ya rasa inda zai ajiye kofi. To rijiyoyin fa, ya faɗi inda suke? Wannan ɓangaren ne ka manta ba ka rubuto ba.

Bari in gyara maka wani abu, tunda gyara ne aikina. Ba ni na ɗora wa Gwaggo sauraron nan ba. Da na zo hutun Ista ita ta riƙe hannuna ta ce yini ya yi mata tsawo. Kowa ya shigo sai ya durƙusa ya ce sannu ya fita. Matar da ta yi rayuwarta a Tudun Wada, inda ƙofa ba ta rufuwa sai an yi isha'i, ka ɗauko ta ka kawo GRA, katanga ta fi tsawon mutum biyu, maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba. Ka ajiye ta bakin taga, ba abin da ke gabanta sai motar ƙaninka marigayi Badaruddeen da ka sa aka gyara ka jibge ƙarƙashin mangwaro shekara goma sha ɗaya, kyanwoyi suna haihuwa a ƙarƙashinta. Sannan ka ce don ta sami masu yi mata hira a rediyo na yi laifi.

Ka taɓa zama ka ji Tushen Gida ko sau ɗaya? Shirin al'ada ne, ba zagi ba siyasa. Sun yi kashi guda a kan marina, sun yi a kan waƙoƙin niƙa, sun yi a kan yadda ake haɗa turaren wuta. A wannan na ƙarshen suka yi kuskure, Gwaggo ta sa Anti Maimuna ta riƙe mata waya ta aika musu saƙon murya tana gyara musu, su kuma suka saka muryarta a shirin mako na gaba. Kwana uku tana murna, duk wanda ya shigo sai an kunna masa. Kai ka san an yi haka? Ba ka sani ba. Gwaggo ta fi ka sanin abin da ke cikin gidan nan naka, Yaya.

Rufaffen Fayil kuma ba mahauta ba ne kamar yadda ka zana su. Shari'o'in da aka rufe ba a kama kowa ba suke bi, su nemo shaidu, su ji ta bakin kowa. Sabon zangon nan Gwaggo ce da bakinta ta ce kada in bari ya wuce ta. Kashi na farko ya fito jiya Juma'a, na tura ta wayar Anti Maimuna tunda ita ba ta toshe ni ba. Ni ko saurara ban yi ba tukuna, jarrabawa ta sako mu gaba. Na dai ga sun rubuta cewa labarin wani matashi ne da aka tare a hanya yana dawowa daga zaɓen fid da gwani.

Kai kuma ina ba ka shawarar Zauren Talata na makon jiya. A kan tsofaffin manyan ma'aikata ne da suka yi ritaya suka koma mulkin matansu da masu gadi. Za ka ji kamar a falonka aka naɗa.

Ƙanwarka,
Lai'atu

*

Nassarawa GRA, Kano
1 ga Yuli

Lai'atu,

Muna lafiya. Gwaggo ma lafiya, ba don ƙoƙarinki ba.

Na karanta takardarki sau uku. Na farko na ɗauka rashin kunyar da kika saba ce. Na uku na gane saƙon. "Gwaggo ta fi ka sanin abin da ke cikin gidanka." Sannan ki ambaci motar, sannan ki ambaci zaɓen fid da gwani, sannan ki ce wai ba ki saurara ba. Ni za ki yi wa wannan? Na yi shekara talatin da biyu ina karanta takardun mutanen da suka fi ki iya ɓoye wuƙa a cikin gaisuwa.

Tunda kin sani, to bari mu daina zagaye. E, Badaruddeen ne. Ba hatsari ya yi ba. Tare shi aka yi a hanya yana dawowa da takardun sakamakon zaɓen da na tsaya takara, aka fito da shi daga mota aka kashe shi da rana tsaka. Ni na je asibiti na karɓo shi, ni na tsaya aka yi masa wanka, ni na hana a buɗe wa mata fuskarsa. Ni na shiga na durƙusa gaban Gwaggo na ce mota ce ta ƙwace masa. Mutum huɗu suka san gaskiya a dangi, biyu sun rasu. Shekara goma sha ɗaya ina gadin wannan magana kamar mai gadin wuta a gidan kara, sai ga ki da memorinki da fodkas ɗinki.

Abin da nake so in sani shi ne wa ya gaya miki, kuma me na yi miki. Idan wata buƙata gare ki, ai baki gare ki, ki faɗa. Ba sai kin bi ta kunnen makauniya ba. Yaron nan shi ya riƙa kai ki makaranta a kan keke, shi ya yi dambe da yaran layi saboda sun tsokane ki a kan addininki. Da shi za ki yi mini barazana?

Na karɓe rediyon gaba ɗaya na kulle a ɗakina. Maimuna ta ce ta goge abin da kika turo, na kuma gargaɗe ta. Na gaya wa maigadi idan kin zo ya ce miki ba na nan, Gwaggo ma tana barci. Likitanta ya faɗa mini tun tuni cewa zuciyarta ba za ta ɗauki girgiza ba. Idan wani abu ya same ta ta dalilinki, wallahi babu ni babu ke har abada, kuma zan tara dangi na Kano da na Zariya in faɗi dalili.

Maharazu

*

Wusasa, Zariya
23 ga Yuli

Yaya Maharazu,

Ina fata Gwaggo tana lafiya. Ita kaɗai nake tambaya.

Na yi shiru sati uku don da na amsa maka a ranar, da na rubuta abin da ba ya gogewa. Ban sani ba. Ka ji ko? Ban sani ba. A takardarka na fara ji. Ina tsaye a bakin titi Malam Falalu ya miƙo mini, na buɗe ina murmushi ina jiran wani sabon faɗan rijiya, sai ga shi kana gaya mini kashe Badaruddeen aka yi. Mai sayar da masara ce ta kama ni ta zaunar. Maganar da na yi cewa Gwaggo ta fi ka sanin gidanka, turaren wuta nake nufi, Yaya. Turaren wuta. Kai da ka yi shekara talatin da biyu kana karanta takardu, da hannunka ka tona abin da ka binne, don ka ɗauka kowa irinka ne.

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka ce hatsari ne. Sannan na zauna na saurari kashi huɗun da suka fito. Ba su faɗi sunansa ba, ba su faɗi naka ba, sun ce iyalin sun ƙi magana. Amma na ji komai. Na ji wurin, kusa da wani kwalbati, gefen wata tsamiya. Na ji wani manomi, Malam Zakari, wanda yana noma a gonarsa abin ya faru. Ya ce da maharan suka gudu shi ya ruga ya ɗora kan yaron a cinyarsa, ya ba shi ruwa daga gorarsa, ya laƙƙana masa kalmar shahada, kuma ya amsa. Ya ce har yau ba wanda ya zo daga gidan yaron ya tambaye shi yadda ya cika.

Kashi na huɗu kuma naka ne. An kama mutum biyu, suka ce. Sai babban yayan mamacin ya rubuta takarda cewa iyali sun bar wa Allah, ba sa son shari'a. Aka saki mutanen. Bayan wata uku aka ba yayan kujera a wata hukuma. Na tuna walimar da aka yi a gidanka, har na zo daga Zariya da kulolin shinkafa ina taya ka murna. Ashe abin da nake ci ke nan.

Ka ce zuciyar Gwaggo kake karewa. Wataƙila. Amma ka zauna kai kaɗai ka tambayi kanka ko ita kaɗai ce.

Ran Asabar na zo Kano. Maigadinka, wanda na sha ba shi abinci da hannuna, ya leƙo ta ƙaramar ƙofa ya ce ba ka nan, Gwaggo tana barci, da ƙarfe sha ɗaya na safe, ga motarka ina hangowa. Ya kasa kallon idona. Na tsaya a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanka kusan awa ɗaya kamar mai neman aiki, sannan na koma tasha.

Ba zan gaya mata ba. Ba don tsoron taron danginka ba, don ba bakina ya kamata ta ji ba. Amma ka mayar mata da rediyonta, kuma ka bar ni in gan ta. Ita ta yi mini kitso shekara shida, ba ka isa ka goge wannan da maigadi ba.

Lai'atu

*

Nassarawa GRA, Kano
27 ga Yuli

Lai'atu,

Mun gode da tambaya. Gwaggo ba ta jin daɗi. Abinci sai an yi da gaske take cin loma uku, magana ma ta rage. Likita ya zo ya ce bai ga wani sabon ciwo ba.

Idan da gaske ba ki sani ba, to na yi kuskure a wannan, na kuma faɗa. Amma kada ki ɗauka wannan ya ba ki izinin yi mini shari'a da bakin yaran da ko haihuwarsu ba a yi ba lokacin da na fara aiki. Ba ki nan ranar da dattawan jam'iyya suka cika falon nan. Ba ki ji abin da aka gaya mini a kan 'ya'yana da hanyar makarantarsu ba. Idan aka shiga kotu, sunan Badaruddeen zai shiga rediyo, Gwaggo za ta ji yadda aka yi masa dalla-dalla, kuma a ƙarshe ba wanda za a ɗaure, kin sani na sani. Kujerar kuwa na karɓa. Ba na musu. Kullum na zauna a kanta na san kuɗinta, ba sai mai makirfo ya tuna mini ba.

Ba zan saurari shirin nan ba. Minti ɗaya na tallarsu da na ji ta ƙofa ya ishe ni har in mutu. Ƙanina ba hira ba ne da za a ji ana wanke-wanke.

Ke kika jawo halin da Gwaggo take ciki. Da ba ki saba mata da hayaniyar nan ba, da ba ta ji rashinta ba. Yanzu sai ta zauna bakin taga hannu a cinya, ko karatun da nake kunna mata a wayata ba ta cewa a ƙara murya. Jiya na shiga gaishe ta, ta ce, "Maharazu, yau wace rana?" Na ce Asabar. Ta ce ita Juma'a take jira. Ban san me take jira a Juma'a ba.

Ga abin da zan iya. Ki zuba na al'adar nan kaɗai, Tushen Gida, a memori, ki ba Malam Falalu. Zan saurara da kaina tukuna, idan babu komai in mayar mata da rediyon. Zuwa gidan kuma ki dakata sai na neme ki.

Maharazu

*

Wusasa, Zariya
6 ga Agusta

Yaya Maharazu,

Ina gaida Gwaggo, ina mata addu'ar sauƙi.

Ga memori. Ba Tushen Gida ba ne, ba zan yi maka ƙarya ba, ƙarya ta yi yawa a dangin nan. Abu ɗaya ne a ciki: Rufaffen Fayil, kashi na shida, wanda ya fito ran Juma'a. Shi ne na ƙarshe, inda suke saka saƙonnin masu sauraro.

Ka ce ba za ka saurara ba har ka mutu. To kada ka saurari duka. Ka wuce zuwa minti na talatin da ɗaya. Minti biyu ne kawai. Kada ka kunna a falo, kada ka kunna kana tuƙi.

Na sha ba ka shawarar shirye-shirye kana zagina, wasu don tsokana na turo, na yarda. Wannan ba tsokana ba ce. Idan ka ji ka ga har yanzu ni ce matsalar gidanka, ka tara dangin, zan zo da ƙafata in zauna a tsakiya.

Lai'atu

*

Nassarawa GRA, Kano
12 ga Agusta

Lai'atu,

Ina fata kuna lafiya, da Malam Henry da yara. Gwaggo ta ci tuwo jiya, har ta nemi ƙari.

Kwana huɗu memorin yana aljihuna. Sau biyu na yi niyyar jefa shi a kwata. Ran Lahadi bayan la'asar na shiga mota a gareji, na rufe gilashi, na saka. Na wuce zuwa inda kika ce. Yarinyar da ke gabatarwa ta ce ga saƙon wata uwa da ta nemi a sakaya sunanta. Ba a buƙatar suna. Tun daga gyaran muryar da ta yi kafin ta fara na gane ta.

Na san kin ji, amma zan rubuta, don ina so in gan shi da hannuna.

"Ni na haifi yaron nan da kuke magana. An ce mini hatsarin mota ne. Ran kwana tara aka dawo da motar gida, lokacin ina gani da idona. Na fita na zagaya ta. Lotsewar da ya yi mata a ƙofar gida ranar da ya sayo ta tana nan, ban da ita ko ƙwarzane babu. Carbinsa yana rataye a madubi. Na koma ɗaki na yi shiru. Ɗa ɗaya ya rage mini, na ga da ƙaryar nan yake iya kallon fuskata, sai na bar masa ita. Ban kira ku don a kama kowa ba. Manomin nan da ya riƙe kansa ya ba shi ruwa, ku ce masa uwar yaron tana godiya. Ina so in taɓa hannunsa kafin in mutu."

Lai'atu, ni na sa aka dawo da motar. Na tsara komai, likita, masu wanka, abin da za a gaya wa mata, har wanda zai tsaya a ƙofa. Sai ga kira daga ofishin 'yan sanda cewa a zo a ɗauki mota, na ce wa direba ya je ya kawo, don ban saba barin kaya a hannun hukuma ba. Ko a raina ban kawo ba. Na ajiye ta a gaban tagarta, shekara goma sha ɗaya, tun tana ganinta har ta daina gani.

Maimuna ta amsa laifinta ba tare da na ɗaga murya ba. Ba ta goge komai ba. Duk Juma'a idan na tafi masallaci sai su rufe ƙofa su kunna a wayarta, ita ta riƙe wayar ranar da aka aika saƙon. Ta ce Gwaggo ta gane labarin tun daga tallar nan da na ji ta ƙofa, shi ya sa ta ce miki kada ya wuce ta. Ashe ni kaɗai ne a gidan nan ban san abin da ake ciki ba, kamar yadda kika faɗa, ko da yake ba shi kike nufi ba.

Na ɗauko rediyon na shiga ɗakinta. Na shirya magana mai tsawo, duk ta gudu daga kaina. Na durƙusa na ɗora mata shi a cinya. Ta shafa shi, ta shafo hannuna, ta ce, "Ka ji?" Na ce na ji. Na fara cewa ta yafe mini, ta ce wannan maganar ta wani yini ce, ba ta gudu ba, za mu yi ta. Ta ce yanzu dai in sa a zuba mai a mota.

Kada ki ɗauka mun shirya. Har yanzu ina ganin bakinki ya fi ƙarfinki, kuma maganar kulolin shinkafa ba za ta bar ni da wuri ba. Yaran nan ma ban ce sun burge ni ba. Amma na buɗe lambarki, na kuma yi wa maigadi magana, ya ce in ba ki haƙuri. Wannan takardar na rubuta ne don ba zan iya faɗar abin da ke cikinta a waya ba.

Ran Asabar za mu je wurin Malam Zakari. Gwaggo ta sa an ɗinka masa riga, ta ware turaren da ta haɗa da hannunta don iyalinsa. Jiya ta tambaye ni ko tsamiyar tana da nisa da titi, don ta san ko gwiwarta za ta kai ta. Na ce mata ban sani ba. Ban taɓa zuwa wurin ba, Lai'atu, ko sau ɗaya.

Ke kika ji kwatancen. Ki zo da sassafe, ki zauna a gaba ki nuna wa direba hanya.

Yayanki,
Maharazu